Ga waƙa a waya, me ya sa Baba ya koma kan faifansa?

Tambaya: Ni mazaunin Agege ne. Mahaifinmu yana da akwati cike da kaset-kaset da fayafayan CD, har da na garmaho da ya gada. Na saka masa manhajar jin waƙa a waya, na biya kuɗin wata, amma ko mako bai rufa ba ya koma kan tsohon rediyonsa. Ga shi kuma ina jin wai Turawa ma sun koma sayen faifan garmaho. Shin sautin faifai ya fi na intanet ne, ko sabo ne kawai? Mu ajiye kayan nan ko mu zubar?

Ɗana, kada ku zubar da ko ɗaya. Na fara da wannan ne don na san halin gidajenmu na Legas: ɗaki ya yi kaɗan, uwar gida ta gaji da akwatin da ya tare mata lungu, wata rana mai kura ya zo wucewa, shi ke nan. Sauran tambayoyin kuwa sai ka yi haƙuri da ni, don sana'ata ce gyaran kayan sauti da haɗa lasifika a wuraren biki, kuma mai sana'a idan aka taɓo masa inda yake so ba ya iya gajarta magana.

Mu fara da batun sauti, tunda shi kowa yake fara kawowa, kuma a ganina shi ne hujjar da ta fi rauni. Faifan CD na asali, wanda kamfanonin Sony da Philips suka fito da shi a 1982, yana ɗauke da sauti cikakke, kilobit 1,411 a kowace daƙiƙa. Manhaja kamar Spotify ta daɗe tana tsayawa a kilobit 320 ga wanda ya biya kuɗi, ƙasa da haka ga mai jin na kyauta. A takarda tazarar tana da yawa. A kunne kuwa, idan ka zaunar da mutum ka juya masa baya ka kunna masa biyun, da wuya ya ce maka ga wannan ga wancan, balle a ɗakin da janaretan maƙwabci yake ruri, fanka tana kaɗawa, 'yan danfo suna ta hon a waje. Tun 2021 ma Apple Music ta fara bayar da sauti daidai da na CD, Spotify ta biyo baya a 2025. Saboda haka wanda ya ce maka intanet ba ta iya kai CD kyau, labarinsa ya tsufa.

Akwai kuma abin da yawancin masu yabon CD a nan ba su lura da shi ba. Faifan CD na gaskiya minti 74 zuwa 80 yake ɗauka, da wuya ya wuce haka. Duk faifan da ka saya a cikin cunkoson motoci ko a kan tebur a bakin tasha, aka rubuta masa waƙa ɗari da hamsin, to MP3 ne aka matse aka zuba a ciki, galibi a kilobit 128 ko ƙasa. Irin wannan faifan sautinsa bai ma kai na manhajar da ka biya wa Baba ba. Ka duba akwatin nan, ina kyautata zaton rabin CD ɗin da ke ciki irin su ne.

Garmaho shi ne ake yi wa kirari da cewa sautinsa yana da ɗumi. A ma'auni, ya gaza CD ta kowace fuska: yana da shuu da ƙaras-ƙaras, tazarar da ke tsakanin sauti mafi sanyi da mafi ƙarfi a cikinsa ba ta kai ta CD ba, kuma duk jin da aka yi allura tana ɗan cin jikinsa. Da allura ta matso tsakiyar faifai, tsawon layin da take bi a daƙiƙa ɗaya ba ya kai rabin na bakin faifan, shi ya sa waƙar ƙarshe a kowane gefe take fi dusashewa. Amma masu yabonsa ba ƙarya suke yi ba. Tun wajen shekarun 1990 masu haɗa waƙa suka shiga gasar ƙure ƙara, kowa yana son tasa ta fi ta wani amo a rediyo, har suka riƙa danne sauti ya zama ba hawa ba sauka. Garmaho ba ya jure wannan, idan aka matsa masa allura sai ta yi tsalle, don haka dole mai yanka faifan ya sassauta hannu. Sau da yawa abin da mutum yake ji ya ce garmaho ya fi daɗi, wannan sassaucin ne. Kuma wanda ya sayi garmaho yakan sayi amfilifaya da lasifika na kirki, alhali mai waya yana ji ne ta 'yar sifikar da ba ta kai ƙwayar wake ba. Ka haɗa wayar nan da waɗancan lasifikan ka ji yadda gardamar za ta ragu.

To idan ba sauti ba ne, mene ne? A nan Legas, ga mutanenmu, abu na farko lissafi ne. Jin waƙa ta intanet a matsakaicin inganci, kilobit 160, yana cin megabait 72 a awa ɗaya. Tela a Idi-Araba ko mai shayi a Obalende da yake kunna waƙa daga safe har dare, a ce awa goma, ya ci megabait 720 a yini, fiye da gigabait 20 a wata, kafin ya buɗe WhatsApp. A YouTube kuwa, inda akasarin waƙoƙin Hausa suke, har da hoton kake biya ko ba ka kalla ba. A watan Janairun 2025 hukumar kula da sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗi da kashi 50 cikin 100. Faifai kuwa sau ɗaya ake biyan kuɗinsa. Sannan ga direbobinmu da suke kawo tumatir da albasa Mile 12, ko masu tirela da tanka da suke kwana da kwanaki a layin Apapa. Wanda ya bi hanyar Ilori, Jebba, Mokwa ya san wuraren da sabis yake ɗaukewa ɗif, kuma a nan ne direba ya fi bukatar abin da zai hana shi gyangyaɗi.

Gaskiya dai, yawancin waɗannan sun bar CD ɗin ma, sun koma memori da filash. Mutum ya je wurin 'yan dawunlodin ya ba da 'yan canji a cika masa, ko abokinsa ya tura masa ta manhajar Xender. Ni a wurina wannan ɗan'uwan faifai ne na jini, tunda waƙar tana hannunka, ba ka jiran sabis, ba ka jiran kowa. Abin da mutanenmu suka ƙi saki ke nan, ko da sifar abin ta canza daga garmaho zuwa kaset, daga kaset zuwa CD, daga CD zuwa ɗan abin da bai kai farce ba.

Amma Baba ba don data ya koma ba, tunda kai kake biya. Ina da yaƙinin abin da ya nema ne bai samu ba, kuma nan ne nake so ka tsaya ka saurare ni da kyau.

Waɗannan manhajoji suna tallar cewa suna da waƙoƙi miliyan ɗari. Haka ne. Sai dai waƙa ba ta shiga can da ƙafarta, sai wani ya ɗora ta, mai haƙƙinta ko kamfanin da yake wakiltarsa. Waƙar Hausa ta gargajiya kuwa ba ta hannun kamfani ta rayu ba. An yi fayafayan garmaho, ba shakka. Legas ce ma cibiyar wannan sana'a a lokacin: kamfanin faifai na EMI yana da ɗakin ɗaukar sauti a Apapa, wanda har shahararren mawaƙin Ingila Paul McCartney ya zo ya yi aiki a cikinsa a 1973, kamfanin Decca yana Abule Oja ta wajen Yaba, kuma an buga fayafayan manyan mawaƙan Arewa irin su Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos. Amma abin da ya shiga faifan kamfani ɗan kaɗan ne cikin abin da suka rera. Mafi yawa a filin wasa aka yi shi, a gidan biki, a fadar sarki, a ƙofar gidan attajiri, wani yana gefe da rikodarsa ya danna. Wasu gidajen rediyo ne suka ɗauka, musamman Rediyon Kaduna. Daga nan kaset ya riƙa haihuwar kaset, a Ƙofar Wambai ta Kano da shagunan Agege da kowace tasha, har ba a san wanda ya fara ɗauka ba.

Ga kuma yanayin waƙar kanta. Mawaƙin Bature yakan yi waƙa sau ɗaya a ɗakin ɗauka, ta zama ita ce waƙar har abada. Namu ba haka yake ba. Shata bai taɓa rera Bakandamiya iri ɗaya sau biyu ba, kowane zama da abin da zai ƙara, da wanda zai ambata don ya gan shi a wurin, da wanda zai yi wa zambo don abin da ya faru a makon. Idan manhaja tana da ɗauka ɗaya ko biyu, a kaset-kaset ɗin da ke hannun mutane akwai iri-iri. Mai yiwuwa wadda Baba yake so ita ce wadda aka ambaci garinsu a ciki, ko ubangidansa na farko da ya kawo shi Legas. Ka rubuta sunan waƙar a waya ta fito, ka miƙa masa kana murna, shi kuwa ya saurara ya ce ba ita ba ce. Kuma gaskiyarsa.

Kada ka manta Agege ba jiya Hausawa suka zo ta ba. Fataucin goro da shanu da hanyar jirgin ƙasa, wadda ta isa Kano tun 1911, su suka kafa zangon nan, kuma inda attajiranmu suke nan mawaƙa suke bi. An sha ɗauko makaɗa daga Arewa don bikin aure ko naɗin sarauta a nan Legas, a kwana ana wasa, a ɗauka a kaset biyu ko uku, a raba wa dangi. Irin wannan kaset ɗin ba shi da kamfani, ba shi da lamba, wani lokaci ko suna babu a jikinsa sai "bikin Hajiya" da aka rubuta da biro. Babu manhajar da za ka same shi a duniya. Shata ya rasu a 1999, Musa Ɗanƙwairo a 1991, Barmani Choge a 2013, Ɗan Maraya a 2015, ba wanda zai sake rera maka. Haka abin yake ga karatun malamai, tafsirin azumin wata shekara a wani masallaci, da ƙasidun bege da ake yi a zawiyoyi. Na manyan malamai irin su Sheikh Abubakar Gumi almajirai sun yi ƙoƙari sun ɗora da yawa, amma na malamin unguwa da ya karantar da mahaifinka fa?

Wanda ma aka ɗora a YouTube, Allah ya saka wa masu ɗorawa, sai dai aikin yakan zo da gyara. Za ka ga an liƙa wa waƙa sunan wani mawaƙin daban, ko an yanke farkonta inda sanƙira yake gabatarwa, ko an kwafe ta daga rediyon da bel ɗinsa ya saki har muryar ta canza, ko mai ɗorawa ya bi ya cusa sunan shagonsa da lambar wayarsa a tsakiyar amshi. Tsohon da ya san waƙar tun tana sabuwa ba zai jure wannan ba.

Sai batun mallaka. Duk Bahaushen Legas ya san bambancin gidan haya da gidan kansa, kuma jin waƙa ta manhaja haya ce: ranar da ka daina biya an rufe ƙofa, ko kana biya ma mai gida yana iya fitar da abin da ya ga dama. Wannan ba zato ba ne. A 2022 mawaƙin nan Neil Young ya kwashe waƙoƙinsa daga Spotify saboda saɓani da kamfanin, sai 2024 ya mayar. A farkon 2024 kamfanin Universal ya janye waƙoƙinsa daga TikTok na wasu watanni kan rikicin kuɗi. Mafi muni, a 2019 kafar sada zumunta ta Myspace ta sanar cewa waƙoƙin da mutane suka ɗora mata na tsawon shekaru goma sha biyu, kimanin miliyan 50, sun salwanta wajen sauya rumbun ajiya. Idan haka ta faru da waƙoƙin masu lauyoyi da kamfanoni, ina ga waƙar kalangu da wani yaro ya ɗora a shafinsa, wanda gobe ana iya rufe shafin saboda wani dalili daban? Ko waƙoƙin da ka sauke a cikin manhaja don ji ba tare da data ba, a ƙulle suke, ba za ka iya tura wa kowa ba, kuma idan kuɗin wata ya ƙare sun tafi. Faifai kuwa ana ba da aronsa, ana kyautarsa, ana gadonsa. Kai da kanka ka ce wasu gado Baba ya yi.

Akwai kuma yadda ake sauraro, wanda ku yara kuke rainawa. Waya kasuwa ce. Kana tsakiyar waƙa kira ya shigo, saƙo ya yi ƙara, talla ta katse, ko manhajar ta ga ka gama Ɗanƙwairo ta zaɓo maka wani abin da babu haɗi, don ita a wurinta duk waƙar Najeriya ce. Ga rubutun da Turanci, ƙanana, ga lambar sirri da ake mantawa. Rediyon Baba maɓalli biyar gare shi, ya san kowanne ko a duhu. Ya ɗauko kaset, ya san na wane ne, ya san wanda ya ba shi, ya sa ya kishingiɗa. Waƙar da take cin minti ashirin ko talatin, mai jero asali da tarihin mutum, tana son wanda ya zauna dominta. Ko Fela Kuti ma waƙarsa ɗaya takan cinye gefen faifai guda, kuma masu saye sun san da haka suke saya. Sabo yana ciki, ban musa ba. Amma sabo da abin da yake yi maka aiki ba aibi ba ne.

Na Turawa kuwa labarinsa daban, kada ka haɗa shi da na Baba. Gaskiya ne garmaho ya farfaɗo. Ƙungiyar kamfanonin waƙa ta Amurka, RIAA, ta ba da rahoton cewa a 2022 an sayar da fayafayan garmaho miliyan 41, CD kuma miliyan 33, karo na farko tun 1987 da garmaho ya wuce CD a yawa. Amma har yanzu ta intanet ake samun mafi yawan kuɗin waƙa a can, da tazara mai nisa. Wani binciken kamfanin Luminate ma ya nuna cewa kusan rabin masu sayen garmaho a Amurka ba su da injin kunna shi. Suna saye ne don bangon mai hoto, don nuna ƙauna ga mawaƙi, don a gani a ɗaki, su kuma ci gaba da jin waƙar a waya. A Japan CD bai taɓa faɗuwa irin yadda ya faɗi a sauran wurare ba, a Koriya ta Kudu kuwa ana cusa hotunan mawaƙa a cikin kwalin, yaro ya sayi faifai ɗaya sau biyar don neman hoton wanda yake so. Wannan sha'awa ce ta mai abin hannu, ba laifi, amma ba larura ba ce.

Inda labarin ya taɓo mu shi ne, wannan sha'awar ta sa an daɗe ana kwashe tsofaffin fayafayan Najeriya ana fita da su. Kamfanoni irin su Soundway ta Ingila da Analog Africa ta Jamus sun yi ta tono waƙoƙin Afirka ta Yamma na shekarun 1970 suna sake bugawa. A 2013 Luaka Bop ta Amurka ta fitar da tarin waƙoƙin William Onyeabor na Enugu, mutumin da a gida ma an kusa mantawa da shi, ya zama abin magana a duniya. A shekarar dai kamfanin Sahel Sounds ya buga waƙoƙin finafinan Hausa a faifan garmaho da sunan Harafin So. Abin yakan ba ni dariya: waƙoƙin da aka haifa a kan fiyano da kwamfuta a Kano, ba su taɓa sanin allura ba, sai da suka ƙetare teku aka sa musu ita. A nan Legas ma idan ka shiga Jazzhole a titin Awolowo da ke Ikoyi za ka ga masu wannan sha'awa, matasa cikinsu, suna ta jujjuya fayafayai. Don haka idan wani ya zo ya ce zai rage muku kaya ya ba da na cefane, kada ku yi gaggawa. Wasu fayafayan ba su da wata daraja a kasuwa, wasu kuwa, idan bangonsu yana nan kuma ba su karce ba, kuɗinsu zai ba ka mamaki.

Wasu za su ce maka sayen faifai taimakon mawaƙi ne. A Turai haka ne, don abin da mawaƙi yake samu a faifai ɗaya sai an ji waƙarsa sau dubbai a manhaja kafin ya same shi. Kuɗin manhaja tara shi ake yi wuri ɗaya a raba gwargwadon yawan ji, manya su kwashe kaso mafi tsoka, kuma tun 2024 Spotify ba ta biyan komai kan waƙar da ba a ji sau 1,000 a shekara ba. Jin da aka yi daga Najeriya ma bai kai na Amurka kuɗi ba, tunda kuɗin watanmu ya fi araha, da naira 900 suka fara lokacin da suka shigo a 2021. Amma mu kada mu yaudari kanmu. CD ɗin da ya fito daga kasuwar Alaba bai taɓa azurta mawaƙi ba. Ko dai ɗan kasuwa ya sayi aikin gaba ɗaya ya biya sau ɗaya ya buga iya son ransa, ko kuma a kwafa ba tare da an tambayi kowa ba. Mawaƙin Hausa da liƙi da kyautar iyayen gida ya rayu, jiya da yau.

Yanzu ga inda faifai yake da rauni, kuma shi ya sa ban ce ku rufe akwati ku koma barci ba. Legas maƙiyiyar waɗannan kaya ce. Laima tana sa zaren kaset ya yi fumfuna ya manne, zafi yana lanƙwasa garmaho, ambaliya kuwa ba sai na faɗa wa ɗan Agege ba. Ku ɗaga akwatin daga ƙasa, ku raba shi da bangon da yake tsatsafo da ruwa, kada ya kwana ƙarƙashin kwano ko a bayan mota. Garmaho a tsaye ake jera shi, ba a ɗora wani kan wani. A riƙe shi ta baki, a goge shi da ƙyalle mai laushi ana bin zagayen layinsa. CD kuwa akasin haka, daga tsakiya zuwa baki ake goge shi, kuma gefen da aka yi rubutu ya fi gefen mai ƙyalli saurin lalacewa, don bayanan suna dab da shi. CD ɗin da aka ƙona a kwamfuta, mai launin shuɗi-shuɗi ko kore a ƙasa, shi ya fi saurin mutuwa, wani ko shekara goma ba ya kaiwa a irin yanayinmu. Idan cikin na gadon akwai masu nauyi, masu fashewa kamar tangaran, waɗannan na gudu 78 ne, wato masu juyawa sau 78 a minti, allurarsu daban ce, kada a sa musu ta faifan 33 ko 45.

Idan za ka saya wa Baba injin garmaho na hannu a Alaba, ka duba bayansa. Wanda aka yi don Amurka wuta mai ƙarfin volt 110 yake sha, tamu kuwa 230 ce, ka soka shi kai tsaye ya ƙone. Ko ka sa masa abin rage wuta, wasu tsofaffin injinan saurinsu yana bin bugun wutar ne, ta Amurka 60 tamu 50, sai ka ji mawaƙi yana jan murya kamar bai farka ba. Nemi wanda aka yi don Ingila ko Turai. Ka canza allura kafin ka ɗora faifan da kake ji da shi, don tsohuwar allura ita take kashe faifai, kuma ka tabbata amfilifayar tana da mashigar da aka rubuta wa Phono, in ba haka ba sautin zai fito siriri ƙasa-ƙasa.

Kaset-kaset ɗin su ne na gaggawa. Kada ka fara jefa wanda ya fi muhimmanci cikin rediyon da ya daɗe a ajiye, ya tauna maka zare. Gwada da wanda ba a damu da shi ba tukuna, a wanke kan rediyon da auduga da ɗan sifirit, a duba bel. Wanda ka ga farin fumfuna a jikin zarensa ka ware shi gefe, ka kai wa mai gyara. Sauran ka sa biro ka juya su a hankali ka ga ko zaren yana tafiya. Daga nan a haɗa rediyon da kwamfuta ta waya, ba a kara wayar hannu a bakin lasifika ba, a ɗauka a matsayin WAV, wanda ba a matse shi ba. Daga shi sai ka yi MP3 ka zuba wa Baba a memori, ka tura wa 'yan'uwa. Ka ajiye kwafi a wuri biyu, ɗaya a gida ɗaya a wani gari ko a intanet, kuma bayan an kwafa kada a yar da na asalin, don wata rana za a iya samun wanda zai kwafe shi da na'urar da ta fi taku.

Aikin yana cin lokaci, kaset na minti 90 sai ya ci minti 90 ɗinsa cur. Ka fara da waɗanda aka rubuta wa suna da hannu ko waɗanda ba su da rubutu sam, ka bar na kamfani zuwa ƙarshe tunda su akwai irinsu a hannun wasu. Kuma ka yi aikin Baba yana zaune kusa, da littafi a hannunka, kowane kaset ka tambaye shi wane ne mawaƙin, a ina aka yi wasan, bikin wa, wace shekara, su wa ake ambata a ciki. Ka ba kowane kaset lamba, ka rubuta lambar a jikinsa da cikin littafin da kuma sunan fayil ɗin da ke kwamfuta.